Ko Tarinta Ba Mu Ji Ba

A gidan barka akwai wani yabo da mai haihuwar fari take samu wanda ya fi mata turmin atamfa daraja a idon dangi: "Wallahi ko tarinta ba mu ji ba, sai kukan jariri." Uwar yarinya ce take faɗa tana murmushi, uwar miji ta gyaɗa kai, 'yan barka su ce ma sha Allah, ta gado dauriya. In kuwa aka samu akasi, yarinya ta kwarma ihu har maƙwabta suka jiyo, to ta bar wa kanta abin faɗi. Ranar suna ƙawaye za su kwaikwayi muryarta, abokan wasa su ɗauka, ɗan da aka haifa ya shiga makaranta ana ta tuna mata daren da ta yi ta kiran "wayyo Inna".

Ni a ganina lokaci ya yi da za mu ajiye wannan yabon. Ban raina matan da suka cije suka haihu shiru ba, iyayenmu ne, kuma na san abin da suka haɗiye. Abin da nake ƙi shi ne shirun ya zama ma'aunin tarbiyya, har yarinya 'yar shekara 17 ta fi tsoron a ji muryarta a kan tsoron abin da ke faruwa a jikinta. Ciwon naƙuda yana da dalili, yana da matakai, akwai irin wanda aka saba da shi, akwai wanda yake ƙararrawar halaka, kuma akwai hanyoyin sassauta shi. Duk wannan ana iya zaunar da mace a gaya mata tun cikinta yana wata biyar. Mu kuwa guzurin da muke ba ta bai wuce "ki daure, kowa da haka ta haihu" ba.

Ki tambayi manyan mata yaya naƙuda take. Ɗaya za ta ce ba a faɗa, sai kin je. Ɗaya ta yi dariya ta ce ranar za ki san uwarki ta sha wuya. To ni ban yarda ba a faɗa ba, don haka bari in faɗa.

Farkonta ba ta zuwa da hayaniya. Mara ce take ɗaurewa irin ta lokacin al'ada, ƙugu ya riƙe, sai ya saki. Mace ta ci gaba da tsintar shinkafarta tana tunanin ko waken da ta ci jiya ne. Wata ta ga wani ruwa mai yauƙi da ɗan jini-jini a jikinta, a gida a ce zaƙi ne, a ɗora laifin a kan rake da lemon kwalba, alhali toshiyar bakin mahaifa ce ta fita, hanya ta fara shiri. A wannan matakin ciwon kan zo bayan minti 15 ko 20, ya yi kamar rabin minti ya wuce. Ga mai haihuwar fari yana iya cin yini guda har da dare bakin mahaifa bai wuce buɗewar yatsa biyu ba. Shi ya sa ake yawan cewa mata a asibiti, "da saura, je ki ki dawo", su koma gida da takaici suna ganin an wulaƙanta su, don babu wanda ya tsaya ya yi musu bayanin abin da "da saura" take nufi.

Mahaifa tsoka ce mai ƙarfin gaske. Aikinta a ranar shi ne ta matse daga sama ta turo kan ɗa ƙasa, tana jan bakinta yana sirancewa yana buɗewa, har ya kai santimita 10. Jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon wannan ciwon suna shiga laka ne ta wajen saman ƙugu, kuma saƙon nasu a baje yake, shi ya sa in ka ce wa mai naƙuda ta nuna wurin da ke ciwo da yatsa ba za ta iya ba. Mara ta ɗauka, baya ya ɗauka, cinyoyi sun ɗauka. Idan ta kankama, wato daga santimita 5 zuwa sama, sai ya koma zuwa duk minti biyu ko uku, ya yi minti guda ko fiye. Kina jin tahowarsa tun daga nesa. Ya taso ta baya, ya zagayo gaba, ya hau, ya ƙara hawa, har ya kai inda magana take yankewa a baki, kamar an kama cikinki da bayanki ana murɗawa yadda ake matse zanin wanki. Ciki ya yi tauri. Sai kuma ya sauka.

Saukar nan ita ce abin da na fi so 'yan mata su sani, kuma ita ce ba a faɗa. Tsakanin murɗa da murɗa, mata da yawa ba sa jin komai. Wata har gyangyaɗi take yi na minti guda, ta farka da tahowar na gaba. Macen da ta san cewa kowane ɗaya yana da ƙarshe, minti guda ne za ta ƙirga da numfashinta sannan ta huta, ba daidai take da wadda ta ɗauka haka zai yi ta hawa har ranta ya fita ba. Ta farkon tana amfani da hutun ta sha ruwa, ta gyara kwanciya, ta saki kafaɗunta. Ta biyun tana ƙarar da hutun nata wajen tsoron na gaba, jikinta a ƙanƙame, kuma ƙanƙamewar tana ƙara ciwon. Akwai dai waɗanda ko hutun ba sa samu sosai, musamman idan ƙeyar ɗa ta jingina da ƙashin bayan uwa. Su ƙugun nasu ba ya saki, sai ka ga suna roƙon a danna musu baya da ƙarfi, kuma dannawar tana taimakawa.

Gab da buɗewar ƙarshe jiki kan ɗauki rawa, haƙora suna haɗuwa, ga amai, ga zufa, ga sanyi a lokaci guda. Nan ne mace take fara cewa ku yafe mini, ku kira mini babata, ku yanka ni ku ciro shi. Ungozoma mai gogewa in ta ji an kai nan ta san an kusa. Daga nan nishi yake zuwa da kansa, da ƙarfin da ba a iya riƙewa, mace ta ji kamar kashi ne ya matsa mata. Sau da yawa ma kashin yana fita, domin kan ɗa yana danne hanji a hanyarsa ta saukowa. Na san 'yan matan da suka riƙa matse jiki suna ƙin yin nishi don kunyar wannan kawai, alhali ungozoma gogewa take yi ta wuce, ko a jikinta. Sai raɗaɗi mai ƙuna lokacin da kai ya cika ƙofa, na 'yan mintoci. Kai na fita kafaɗa ta biyo, sauran jiki ya sulɓo, babban ciwon ya yanke nan take. Abin da ya rage shi ne mabiyiya, da ɗinki in an ƙaru ko an yi ƙari, wato an ɗan yanka ƙofar don ta faɗaɗa, da murɗar ciki ta kwanakin farko wadda take tashi duk sanda jariri ya kama nono. Ita wannan ta fi tsanani a haihuwa ta uku da ta huɗu a kan ta fari, abin da kan ba mata mamaki.

Wannan ba raki ba ne. Wani masanin ciwo a Jami'ar McGill ta ƙasar Kanada, Ronald Melzack, ya auna zafin naƙuda a farkon shekarun 1980 da ma'aunin da ake auna sauran cututtuka da shi, ya same shi a sahun mafi tsanani, sama da ciwon haƙori da karaya, musamman ga masu haihuwar fari. Ya kuma ga cewa bambancin da ke tsakanin mace da mace yana da faɗi ƙwarai. Mu ma mun san haka ba sai an auna ba. Wata tana cikin dama kunu za ta shiga ɗaki ta fito da ɗa. Wata ta kwana biyu a kan gwiwa. Girman ɗa, da yadda ya kwanta, da faɗin ƙugun uwa, da ko an sa mata ruwan naƙuda, duk suna canza abin. To da wane adalci za a ɗauki shirun waccan a auna kukan wannan?

Da abin ya tsaya a tsokanar ranar suna da ban ɓata lokacina ba. Damuwata ita ce shirun yana ɓoye abin da ya kamata a ji. Wata 'yar ƙanwar mahaifiyata ta zo goyon ciki gidan iyayenta, ciwo ya kama ta bayan magariba, ba ta gaya wa kowa ba. Gidan mahaifinta ne, cikin fari ne, ga yayyenta maza a zaure. Ta shiga ɗakin kaka ta kwanta ta juya wa bango fuska, ta cusa gefen mayafinta a baki. Sai da asuba kakar ta ga ba ta tashi salla ba, ta haska ta da fitila, ta ga mayafin ya jiƙe sharkaf da yawu, haƙoranta sun huda shi. Aka wanko rubutu aka ba ta, aka ce a ɗan saurara, ai ba ta ko yi kuka ba, alamar da sauƙi. Aka yi ta neman mijinta a waya don a sami izinin fita. Kafin a kai ta asibiti rana ta yi sanyi, ɗan ya riga ya koma a ciki, sai aiki aka yi mata aka ciro shi. Allah ya tsare ta da yoyon fitsari. Da aka zo jaje na ji wata tana cewa, yarinyar nan akwai haƙuri. Ban iya amsa mata ba.

Idan kan ɗa ya maƙale a ƙugu, mahaifa ba ta dainawa, turowa take ta yi. Naman da ke tsakanin hanyar haihuwa da mafitsara sai ya matse tsakanin ƙashi biyu, jini ya daina kai masa, ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar rami. Shi ne yoyon fitsari. Wanda ya taɓa zuwa asibitin Babbar Ruga a Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru yana ɗinke dubban mata, ko cibiyar Laure a asibitin Murtala na Kano, ko ta Danja kusa da Maraɗi, ya ga ƙarshen doguwar naƙuda da idonsa. Kuma ba sabon sani ba ne. Tun a 1985 Farfesa Kelsey Harrison ya fitar da nazarin haihuwa 22,774 da aka yi a Zariya, wanda ya nuna cewa matan da ake kawowa a makare, waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba, su ne suke mutuwa ninkin-ba-ninkin a kan waɗanda ake dubawa tun da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai mata kusan 82,000 suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Ban ce kunya ce ta kashe su duka ba. Akwai talauci, akwai nisan hanya, akwai asibitin da babu jini babu likita. Amma jinkirin farko a cikin ɗaki yake farawa, kuma wanda bai san an fara ba ba zai nemo mota ba.

Yarinyar da aka koya wa cewa duk ciwo na daurewa ne ba za ta iya rarrabe na al'ada da na haɗari ba. Na al'ada yana zuwa yana tafiya. Wanda ya riƙe bai saki ba, ciki ya yi tauri ya ƙi laushi, ko da jini ko babu, wannan na gaggawa ne, wataƙila mabiyiya ce take saɓulewa kafin lokaci. Haka ciwon kai mai tsanani da ganin duhu-duhu ko walƙiya a ido, shi ne sallamar jijjiga. Haka ciwon da ya kai ƙololuwa sannan ya ɗauke ɗif, mace ta yi laushi tana zufa mai sanyi, mahaifa ce mai yiwuwa ta fashe, ba sauƙi ba ne ya samu. Faya ta fashe ruwan ya fito kore, ko hannu ko cibiya ta riga kai fitowa, ko naƙuda mai ƙarfi ta ga fitowar rana ta ga faɗuwarta ba a sauka ba, duk ba na jiran gobe ba ne. Mafi yawansu sai mai ciwon ta buɗe baki za a sani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Za a ce to a tafi asibiti mana tun da wuri. Nan ma akwai magana. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna haihuwa 39 cikin 100 ne ake yi a asibiti a Najeriya, a Arewa maso Yamma kuwa kusan 16 ne kacal. Idan ka zauna da mata ka tambaye su dalili, bayan kuɗi da nisa da "maigida bai bari ba", abin da za ka ji shi ne faɗan ma'aikata. Duk wadda ta taɓa raka mai haihuwa wani babban asibitin gwamnati ta san yadda ake yi. A ƙofa za a karɓi jaka a ce 'yan rakiya su koma waje. Ku tsaya jikin taga kuna sauraro. Gadaje a jere, babu labule, kowace tana ganin tsiraicin 'yar uwarta. Na taɓa tsayawa a irin wannan tagar ina jin wata yarinya tana cewa, "Sista, don Allah ki riƙe hannuna." Amsar da ta samu ita ce, "Lokacin da kike jin daɗinki ai ba ki kira ni ba. Buɗe ƙafa, ko so kike ki kashe ɗan?" Sai ƙarar mari a cinya. Bayan ta sauka aka ɗinke ta ɗanye, babu allurar kashe zafi, kuma ihun ɗinkin ya fi na haihuwar.

Ba ni kaɗai na ji ba. A 2019 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a Najeriya da Gana da Gini da Myanmar, inda a ƙasashe ukun farko aka zauna a ɗakunan haihuwa ana kallon abin da ke gudana, aka kuma bi mata gida aka tambaye su. Fiye da mace ɗaya cikin uku ta gamu da duka ko zagi ko wariya. Abin ya fi yawa a rabin awar ƙarshe kafin ɗa ya fito da 'yan mintocin da suka biyo baya, daidai lokacin da mace ba ta da ƙarfin kare kanta, kuma ya fi faɗawa kan masu ƙananan shekaru da marasa ilimin boko. Da yawa an yi musu ƙari ba a ko sanar da su ba.

Ba na son in mayar da ungozomomi dodanni. Na ga wadda take karɓar haihuwa da fitilar waya a baki saboda an ɗauke wuta, ita kaɗai a kan mata biyar, albashinta bai zo ba. Na san tsoron da ke ranta in kan ɗa ya tsaya a ƙofa uwa ta ƙi nishi, don in ya mutu ita za a tuhuma. Amma marin nan ba gajiya kaɗai ce ta haife shi ba. Ita ma ungozomar a gidan da ake yabon shiru ta tashi. Ita ma an gaya mata mai kuka raguwa ce. Abin da kaka take yi da harara a gida shi ne ita take yi da tafin hannu a asibiti.

Akwai gaskiya guda a wajen masu hana ihu, kuma zan ba su ita. Ƙara mai tsini daga maƙogwaro, wadda ake yi da dukkan ƙarfi, tana gajiyar da mace, a lokacin nishi kuma tana kwashe ƙarfin da ya kamata ya tafi ƙasa. Gurnani mai nauyi daga ƙirji da fitar da numfashi a hankali sun fi amfani. To amma wannan darasi ne na ranar awo, a koya wa mace tana cikin hayyacinta ta gwada a gida. Ba a koyar da shi da tsawa ga wadda ciwo ya riga ya rufe wa ido.

Sai maganar lada, wadda ita ce ake rufe bakin kowa da ita. Babu musu wahalar haihuwa tana da daraja a wurin Allah. Suratu Luƙman ta ce uwa ta ɗauki ɗa cikin rauni a kan rauni, Suratul Ahƙaf ta ce ta ɗauke shi da wahala ta haife shi da wahala, kuma hadisi ya sa wadda ta rasu wajen haihuwa a cikin shahidai. Amma duk waɗannan an faɗe su ne don 'ya'ya da maza su san girman abin da ke kansu, ba don a hana mace cewa wayyo ba. Nana Maryam, wadda Allah ya fifita a kan matan duniya, Alƙur'ani ya ce naƙuda ta kora ta zuwa kututturen dabino, ta ce ina ma ta mutu kafin wannan ta zama abin da aka manta. Malaman tafsiri sun ce tsoron abin da mutanenta za su faɗa yana cikin abin da ya sa ta furta haka, kuma haka ne. Amma a duba amsar da ta samu. Ba a tsawata mata ba. Cewa aka yi kada ta yi baƙin ciki, ga ruwa a ƙarƙashinta, ta girgiza dabino ya zubo mata ɗanye, ta ci ta sha hankalinta ya kwanta. Lallashi, da ruwa, da abinci. Ɗakunan haihuwarmu da yawa ko ɗaya daga cikin ukun ba sa bayarwa. Kuma ban taɓa jin alhajin da ya je cire haƙori ya ce kada a yi masa allura don yana neman lada ba.

Turawa ma sun yi wannan gardamar. A 1847 wani likita a Edinbura, James Young Simpson, ya fara shaƙa wa masu naƙuda wani maganin sa barci mai suna kulorofom, har sai da ya rubuta ƙasida yana amsa wa masu ganin hakan ya saɓa wa addini. A 1853 Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta sa likita John Snow ya shaƙa mata lokacin haihuwar ɗanta na takwas, daga nan abin ya fara zama ruwan dare a tsakanin matansu. Yau akwai abin da ya fi wannan aminci nesa ba kusa ba. Akwai allurar baya, 'yar uwar wadda ake yi wa masu tiyata, wadda take kashe ciwon daga ciki zuwa ƙasa mace tana farke tana magana. Tana da nata matsalolin: awon jini kan yi ƙasa, ana iya yin ƙaiƙayi ko zazzaɓi ko ciwon kai, nishi kan ɗan ƙara tsawo. Amma bincike bai tabbatar da jita-jitar cewa tana barin ciwon baya na har abada ba, ko tana ƙara yawan kai mata tiyata. Matsalarta a wajenmu ita ce sai da ƙwararren likitan sa barci, su kuwa ba su da yawa, don haka sai a asibitin koyarwa ko na kuɗi. Akwai kuma allurai irin su pethidine da pentazocine, masu rage kaifin ciwon su sa jiri da barci, waɗanda ake kaffa-kaffa da su gab da sauka don kada su taɓa numfashin jariri. A shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018 ta ce macen da ta nemi a rage mata ciwo a rage mata, a bar ta da wanda ta zaɓa ya zauna kusa da ita, a bar ta ta zaga ta sha ruwa ta ci abinci in babu haɗari, ta haihu a yanayin da ya fi mata, har da durƙuson da iyayenmu suka saba, kuma a daina yi wa kowa ƙari haka kawai.

Wani likita ya taɓa ce mini, a ƙasar da mata ke mutuwa don rashin ledar jini guda, maganar zafin naƙuda gata ne, a fara ceto rai tukuna. Na fahimce shi, amma ina ganin ya raba abin da ba ya rabuwa. Yarinyar da aka mara aka ɗinke ɗanye a haihuwar fari ba za ta dawo a ta biyu ba, kuma za ta hana ƙanwarta da kishiyarta da maƙwabciyarta. Sai ranar da jini ya ɓalle a gida a kwaso ta a a-daidaita-sahu, lokacin ledar jinin ma ba lalle ta yi amfani ba. A ƙarshen 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, abu ne mai kyau, amma tiyatar kyauta sai ga wadda ta yarda ta taka asibitin da ƙafarta a kan lokaci. Kuma mafi yawan abin da nake nema ba allurar baya ba ce. Labule ne tsakanin gado da gado, don a iya barin uwa ko yaya ta shigo ta zauna ba tare da ta ga tsiraicin wata ba. Mace guda da za ta danna mata ƙugu, ta goge mata goshi, ta ce kin kusa, an gwada an ga tana rage buƙatar magani tana kuma rage yawan zuwa tiyata. Nawa ne kuɗin yadin labule?

Maza kuma, ku da kuke ficewa majalisa da zarar an ce ciwo ya tashi, a kira ku a waya a ce an sauka ku ce alhamdu lillahi me aka samu, akwai naku aikin tun kafin ranar. Ka bar izinin fita a buɗe, ka faɗa da bakinka a gaban mahaifiyarka da tata cewa ko ba ka nan a tafi da ita. Ka ajiye kuɗin mota a hannunta, ba a aljihunka ba. Ka san rukunin jininta da wanda zai ba ta a cikin dangi. Ka kuma gaya mata cewa in ta ji ciwo ta tashe ka, ko ƙarfe nawa ne.

Asibitoci da yawa suna ba mai awo takardar kayan haihuwa tun tana wata bakwai: safar hannu, auduga, leda ta shimfiɗa, sabulu, Dettol, abin matse cibiya, wani wurin har da man janareta. Ban taɓa ganin an rubuta allurar kashe zafin ɗinki a ciki ba, alhali ƙaramar kwalbar lidocaine ba ta kai kuɗin kazar da za a yanka wa mai jego ba. Haƙƙin gwamnati ne ta ajiye ta a kowane ɗakin haihuwa. Kafin ta ajiye, a rubuta ta a takardar mu saya, kuma mai ciki ta tambaya tun a wajen awo: idan na ƙaru, da me za a ɗinke ni, wa kuma za a bari ya shigo da ni?